Lambar da Ta Cika Mudu: Tarihin Rikicin Siga Tsakanin Linux da Direbobinsa

A farkon watan Fabrairun 2021, Greg Kroah-Hartman, wanda ke kula da tsofaffin sigogin Linux da ake ci gaba da yi wa gyara, ya fitar da sababbin sigogi biyu da babu gyara ko ɗaya a cikinsu. Lamba kaɗai ya sauya: 4.9.255 ta koma 4.9.256, ita kuma 4.4.255 ta koma 4.4.256. Sannan ya roƙi masu amfani da su da su ɗauka su harhaɗa, su gwada, su sanar da shi duk abin da ya lalace. Abin da ya sa shi yin haka shi ne, a lissafin da Linux ke yi wa kansa tun shekarun 1990, 4.9.256 da 4.10.0 lamba ɗaya ce, alhali sigogi ne biyu da cikinsu ya bambanta ƙwarai.

Ga wanda bai taɓa harhaɗa manhaja ba, wannan zai yi kama da gardamar malaman lissafi. Amma duk injiniyan da ya taɓa sabunta kwamfuta ya wayi gari na'urar kama intanet ta daina aiki, ko ya kwana a ɗakin sabar yana fama da direban da ya ƙi shiga, ya san cewa lambar siga na iya tsayar da aikin ma'aikata guda. Rikicin yana da tarihi, kuma wanda ya san tarihin yakan gano bakin zaren da wuri idan matsalar ta same shi.

Baƙon da ke kwana a tsakar gida

Kanel shi ne zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta. Shi ke raba wa manhajoji ƙwaƙwalwar na'ura da lokacin aiki, shi ke magana da faifan ajiya da allo da na'urar sadarwa. Saboda na'urorin duniya sun fi ƙarfin a cusa direbobinsu duka cikin kanel ɗaya, tun tsakiyar shekarun 1990 Linux ya samu hanyar jona gutsuren manhaja a jikin kanel yana cikin aiki, a kuma cire shi idan an gama. Wannan gutsure shi ake kira modul, kuma yawancin direbobi a wannan siffa suke zuwa.

Manhaja ta yau da kullum, kamar burauza, a zaure take tsayawa. Tana miƙa buƙatarta ta ƙofar da aka tanada, kanel ya biya mata, idan kuma ta rikice ita kaɗai za ta faɗi. Modul kuwa har tsakar gida yake shiga, babu katanga tsakaninsa da kanel. Lokacin da ake harhaɗa shi, ana rubuta masa a jiki inda kowane abu yake: wannan bayani yana taku kaza daga farkon wancan jadawali, wancan aiki yana karɓar abu kaza da kaza. Kamar ɗan aike ne da ya haddace cewa ƙofa ta uku a dama ita ce rumbu. Idan aka sake fasalin gidan ba da saninsa ba, zai je ya juye hatsi a rijiya, kuma da zuciya ɗaya zai yi. A kwamfuta, sakamakon haka shi ne na'ura ta daskare, ko kuma abin da ya fi muni, ta ci gaba da aiki tana lalata bayanan da ke faifai a ɓoye.

Masu gina Linux sun ɗauki alkawari ɗaya, sun ƙi ɗaukar na biyu. Na farko shi ne ƙofar zaure ba za ta sauya ba: manhajar da ta yi aiki jiya za ta yi aiki gobe, kuma Linus Torvalds ya shahara da zafin rai a kan duk wanda ya karya wannan ƙa'ida. Wanda suka ƙi ɗauka shi ne na tsakar gida. A 2004 Kroah-Hartman ya rubuta wata takarda da har yau take cikin kundin kanel, yana bayanin dalilin: idan aka ɗaure fasalin ciki, ba za a iya gyara kurakuran gini ko toshe kafofin tsaro yadda ya kamata ba, ya kuma kawo misalin sashen USB da aka sake wa fasali fiye da sau ɗaya. Hujjarsa ita ce, direban da ke cikin kundin kanel ba shi da fargaba, domin duk wanda ya sauya fasali shi ke da alhakin gyara kowane direba da sauyin ya taɓa. Wahalar tana kan waɗanda ke waje, irin su direban NVIDIA na katin hoto, da modul-modul na VirtualBox, da tsarin ajiya na ZFS wanda lasisinsa ya hana a haɗe shi da kundin. Su dole ne kullum su tambayi kanel ko wane ne shi kafin su shiga, kuma amsar da suka fi samu ita ce lamba.

Zamanin cika da mara

Ba Linux ya ƙirƙiro lambar siga mai ɗigo-ɗigo ba. Tun 1972 Marc Rochkind ya gina SCCS a Bell Labs ta Amurka, manhajar da ke bai wa kowane sauyi a fayil lamba irin 1.1 da 1.2. Abin da Linux ya ƙara shi ne ma'anar da ya ɗora wa lambobin.

Torvalds yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ya fitar da 0.01 a watan Satumban 1991. A Maris na 1992 ya yi tsalle daga 0.12 zuwa 0.95, yana zaton aiki ya kusa kammala. Sai da aka ƙara shekara biyu kafin 1.0 ta fito a Maris na 1994, bayan doguwar zama a kan 0.99. Daga nan aka kafa ƙa'idar da ta yi shekara goma tana aiki: idan lamba ta biyu cika ce, kamar 1.2 ko 2.0 ko 2.2 ko 2.4, sigar ta zauna, ana iya dogara da ita. Idan mara ce, kamar 1.3 ko 2.1 ko 2.5, filin gwaji ne na masu gini. Siga 2.0 ta fito a Yunin 1996, 2.2 a Janairun 1999, 2.4 a Janairun 2001, sannan 2.6 a Disambar 2003.

A wancan zamani lamba tana faɗin gaskiya gwargwado. Wanda ya ji 2.4 ya san irin gidan da zai shiga. Don marubuta direba su iya kwatanta sigogi cikin sauƙi, aka dunƙule lambobin uku suka zama ɗaya mai suna LINUX_VERSION_CODE: a ninka ta farko sau 65,536, ta biyu sau 256, a tara da ta uku. Ma'anar wannan ita ce an ware wa lamba ta biyu da ta uku gurbi mai bit 8 kowacce, wanda ke ɗaukar daga 0 zuwa 255. A lokacin ba a ga abin da zai kai lamba ta uku kusa da wannan iyaka ba.

Tsallakawa daga 2.4 zuwa 2.6 ta girgiza masu modul. A ƙarshen 2002, ana cikin aikin 2.5, Rusty Russell ɗan Ostireliya ya sake rubuta yadda ake ɗora modul, ya mayar da yawancin aikin cikin kanel kansa. Tsofaffin kayan aiki na modutils suka ba da wuri ga module-init-tools, ƙarshen sunan fayil ɗin modul ya tashi daga .o ya koma .ko, hanyar harhaɗawa ma ta sauya. Kamfanin da ke son direbansa ya yi aiki a gidajen biyu sai ya rubuta sharaɗi a fayil ɗin harhaɗawa: a duba lambar kanel, idan ta fara da 2.6 a bi sabuwar hanya, in ba haka ba a bi ta 2.4. Sharaɗin ya yi daidai a 2004. An kwafe shi daga wannan direba zuwa wancan, ya bazu, aka manta da shi.

Hatimi biyu a bakin ƙofa

Kanel ba ya karɓar modul da ka. Yana da bincike iri biyu, kuma yawancin saƙonnin ƙin karɓa da injiniyoyi ke gani daga ɗayansu suke fitowa.

Na farko shi ne layin rubutu da ake kira vermagic, wanda ake buga wa kowane modul lokacin harhaɗawa. Yana ɗauke da cikakken sunan sigar kanel, da wasu zaɓuɓɓukan gini masu sauya fasalin ciki, kamar ko an gina kanel ɗin don injin sarrafawa fiye da ɗaya, ko an ba da damar cire modul. Kanel yana kwatanta layin da nasa harafi bayan harafi. Idan suka saɓa, insmod yakan ce “Invalid module format”, saƙon da ba ya bayyana komai, sai an duba rajistar kanel da dmesg ake ganin layukan biyu a jere.

Tsananin wannan kwatanci ya haifar da wata matsala da ta cinye wa mutane da yawa dare. Tsarin gina kanel yana da ɗan rubutu mai suna setlocalversion, wanda ke duba ma'ajiyar Git da ake gini daga cikinta. Idan ya ga an wuce daidai inda aka yi wa sigar alama, yakan liƙa alamar tarawa a ƙarshen sunan, a wasu saitunan kuma ya liƙa kalmar da ke nuna akwai sauyin da ba a adana ba. Mutum zai harhaɗa modul daga rubutun tushe iri ɗaya da na kanel ɗinsa, amma a ƙi karɓa saboda ɗaya yana ƙarewa da “+” ɗayan babu. Kama da wane ba ta wane.

Na biyu ya fi zurfi, kuma tushensa na komawa shekarun 1990. Ana kiransa modversions. Wata manhaja mai suna genksyms tana bin kowane aiki da kanel ke bai wa modul damar kira, ta dubi siffarsa da ta duk jadawalin da ya dogara da su, ta fitar da lambar tantancewa ta CRC. Ana tara lambobin a fayil mai suna Module.symvers, modul kuma ya tafi da kwafin waɗanda yake buƙata. Idan an kunna wannan tsari, kanel yakan kau da kai daga sunan siga da ke cikin vermagic, ya dogara da lambobin tantancewa. Amfaninsa shi ne modul ɗaya na iya aiki a sigogi biyu maƙwabta muddin abin da yake taɓawa bai sauya ba. Illarsa kuwa, wanda ya harhaɗa modul ba tare da Module.symvers na ainihin kanel ɗinsa ba zai gamu da ƙorafin cewa an saɓa a kan sigar module_layout, ko da lambar siga ta yi daidai ɗari bisa ɗari.

Akwai hanyar tilasta wa kanel ya karɓa duk da saɓanin, idan an gina shi da wannan dama. Wanda ya bi ta, kanel zai yi wa kansa tambarin gurɓata, kuma masu gyara ba sa ɓata lokaci a kan rahoton da ya zo da wannan tambari. Hanya mafi aminci ita ce wadda injiniyoyin Dell suka fito da ita a 2003, wato DKMS: a ajiye rubutun tushen direba a kwamfutar, duk sanda aka girka sabon kanel a sake harhaɗa modul ɗin a kansa kai tsaye. Wannan ya rage saɓanin hatimi sosai, amma ya mayar da rikicin wani wuri. Yanzu tambayar ita ce ko rubutun zai harhaɗu da sabon kanel ɗin, kuma a nan ma lamba ake tambaya.

Shekarar da 2.6 ta ƙare

Bayan 2003 ba a sake buɗe reshen mara ba. Babu 2.7. Aka koma shigar da sababbin abubuwa cikin 2.6 kai tsaye, ana fitar da siga duk bayan wata biyu zuwa uku. Lamba ta uku, wadda a da take nufin ƙananan gyare-gyare, ta koma ita ce babbar siga. Ƙananan gyare-gyare suka nemi gurbi na huɗu. An fara ganinsa a Agustan 2004 da 2.6.8.1, wadda aka fitar cikin gaggawa don gyara wani kuskure a sashen NFS, sannan a 2005, daga 2.6.11, Kroah-Hartman da Chris Wright suka mayar da shi tsari na dindindin.

Shekara bakwai da rabi “2.6” tana zaune ba ta motsi, har masu rubuta manhaja suka ɗauke ta kamar wani ɓangare na sunan Linux. A watan Mayun 2011, bayan 2.6.39, Torvalds ya sanar cewa ta gaba 3.0 za a kira ta. Ya fito fili ya ce babu wani gagarumin sauyi a ciki, lambobin ne suka yi masa yawa, ga shi kuma Linux na cika shekara 20. Sigar ta fito a watan Yuli.

Nan take tsohon sharaɗin nan ya farka. Direban da ke tambaya ko lamba ta fara da 2.6 ya ji a'a, sai ya kama hanyar 2.4 ta shekara goma baya, harhaɗawa ta watse da saƙonnin da ba su da alaƙa da ainihin dalilin. Kayan aikin kanel kansu ba su tsira ba. Tsofaffin sigogin depmod, manhajar da ke lissafa wane modul ya dogara da wane, sun nace sai sunan siga ya fara da lambobi uku. Torvalds ya so a ce 3.0 kawai, amma kanel ɗin ya ci gaba da kiran kansa 3.0.0, aka kuma ƙara wata dabara a tsarin gini wadda ke ƙirƙirar sunan wucin gadi mai farawa da 99.98 don a rufe wa tsohon depmod ido.

Masu tattara Fedora 15 sun zaɓi hanya mafi sauƙi: suka ɗauki 3.0 suka raɗa mata 2.6.40, don kada su karya manhajojin da jama'a ke amfani da su. Andi Kleen kuma ya shigar da wata dama cikin kanel mai suna UNAME26, saboda manhajojin kamfanoni da babu mai rubutun tushensu balle ya gyara. Idan aka tayar da manhaja da wannan dama, kanel zai ce mata shi 2.6.40 ne, ko 2.6.41 idan 3.1 ne, haka dai.

Abin ya taɓa har harshen Python. A da, idan aka harhaɗa shi a kan Linux, yakan kira dandalin “linux2”, yana ɗauko lambar daga kanel ɗin da aka yi ginin a kai. Da 3.0 ta zo sai ya fara cewa “linux3”, manhajojin da ke neman “linux2” suka daina gane inda suke. Masu kula da harshen suka daskarar da tsohon sunan a tsofaffin sigogi, daga Python 3.3 ta 2012 kuma suka cire lambar gaba ɗaya. Shekara tara bayan haka harshen ya sake faɗawa irin wannan rami da ƙafarsa: da 3.10 ta fito a Oktoban 2021, rubuce-rubucen da ke yanko haruffa uku na farkon lamba suka karanta ta a matsayin 3.1, sigar 2009. Burauzar Opera ta hango irin wannan tun 2009, shi ya sa da ta kai siga 10 ta ci gaba da gabatar da kanta ga shafukan intanet da 9.80. Cutar ɗaya ce a ko'ina: an ɗauki lamba a matsayin rubutu, an kuma ɗauka siffar da take da ita yau ita ce ta har abada.

Lambar da ba ta faɗin abin da ke ciki

Akwai wata matsala da ta fi ta 2011 wuyar magani, domin ita ba kuskuren karatu ba ce. Kamfanonin da ke sayar da Linux ga bankuna da ma'aikatu suna riƙe lamba ɗaya shekara da shekaru, suna ɗebo gyare-gyare da sababbin direbobi daga sigogin gaba suna dasawa a tsohuwar. Red Hat Enterprise Linux 7 ya fito a Yunin 2014 da kanel 3.10, ya kuma ci gaba da amsa sunan 3.10.0 har ƙarshen kulawarsa ta yau da kullum a Yunin 2024. A tsawon wannan lokaci cikinsa ya cika da abubuwan da asalin 3.10 ta 2013 ba ta taɓa sani ba.

Marubucin direba da ya ce idan siga ba ta kai kaza ba a yi amfani da tsohon aiki, zai tarar a irin wannan kanel an riga an maye gurbin tsohon da sabo. Ko kuma ya rubuta nasa madadin wani aiki da yake zaton babu, maharhaɗi ya ƙi, ya ce an bayyana abu ɗaya sau biyu. Red Hat ta tanadi tata lambar daban, RHEL_RELEASE_CODE, wasu kamfanonin ma suka yi nasu, sharuɗɗa suka riƙa hawa kan juna har rubutun direba ya koma kamar rigar da faci ya fi yadi yawa.

Maganin da ya fi ɗorewa ya girmi matsalar. Tun 1991 David MacKenzie ya fara Autoconf a kan ƙa'idar cewa a gwada abin da tsari zai iya, kada a tambaye shi sunansa. Gani ya kori ji. Kafin a harhaɗa direba, sai a harhaɗa 'yan ƙananan gwaje-gwaje: shin wannan aiki yana nan, abu nawa yake karɓa, wannan jadawali yana da gurbi kaza? Amsoshin su ke zaɓar hanyar da za a bi. Haka OpenZFS ke yi, haka ma direban NVIDIA. Hanyar tana cin lokaci, kuma kowane gwaji sai an rubuta shi da hannu bayan wani sauyi ya riga ya karya ginin, amma ba ta damu da sunan da aka raɗa wa kanel ba.

A wasu sassan duniyar manhaja an bi wata hanyar, ta mayar da lamba alkawari. Ƙa'idar da Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya rubuta, wadda sigarta ta 2.0.0 ta fito a 2013, ta ce lamba ta farko ba ta motsawa sai an karya jituwa da abin da ya gabata. Linux bai taɓa bin wannan ba. An tashi daga 3.19 zuwa 4.0 a Afrilun 2015 bayan Torvalds ya nemi ra'ayin jama'a a Google+, daga 4.20 zuwa 5.0 a Maris na 2019, daga 5.19 zuwa 6.0 a Oktoban 2022, kuma dalilin da yakan bayar cikin raha shi ne yatsun hannu da na ƙafa sun ƙare masa. Injiniyan da ya saba da waccan ƙa'ida yakan ji tsoron 6.0 ya saki jiki da 6.1, alhali kowacce daga cikinsu na iya karya masa modul daidai wa daida.

Yadda mudu ya cika

Matsalar 2021 'yar shawarar 2011 ce. A zamanin 2.6, lambar ƙananan gyare-gyare tana gurbi na huɗu, wanda ba ya shiga lissafin LINUX_VERSION_CODE ko kaɗan. Da aka koma 3.0, sai ta matso gurbi na uku, mai iyakar 255. Ko a haka ba a ga haɗari ba, domin sigogi masu dogon zango shekara biyu ake kula da su. Sai a 2017 aka sanar da tsawaita kulawar 4.4 zuwa shekara shida, musamman saboda masu ƙera wayoyin Android, waɗanda kanel yakan tsufa a hannunsu tun kafin waya ta isa kasuwa. Siga 4.9 ma ta samu irin wannan tsawon rai. Wayoyi masu ɗimbin yawa na wancan zamani, har da waɗanda suka cika kasuwannin Kano da Yamai, a kan waɗannan sigogi da 4.14 aka gina su.

Ana fitar da gyara kusan kowane mako, wani lokaci fiye da sau ɗaya. Siga 4.4 ta fito a Janairun 2016, 4.9 a Disambar shekarar, kuma dukansu suka isa 255 a farkon 2021. Lissafin a fili yake. Ga 4.9.256: 4 sau 65,536 ya ba da 262,144, a ƙara 9 sau 256 wato 2,304, a ƙara 256, jimla 264,704. Ga 4.10.0: 262,144 a ƙara 2,560, jimla 264,704. Mudu ya cika ya zuba a na kusa. Duk direban da ke da sharaɗin cewa daga 4.10 zuwa sama a bi sabuwar hanya zai bi ta a kan kanel ɗin da bai san ta ba.

Faɗaɗa gurbin ba zai yiwu cikin sauƙi ba, domin lambar ta riga ta fita zaure: akwai manhajojin waje da aka harhaɗa da tsohon lissafin a jikinsu. Bayan gwajin da Kroah-Hartman ya yi da sigogin nan biyu, aka tsaya a kan facin Sasha Levin, wanda ya daskarar da gurbi na uku a 255 cikin dunƙulalliyar lambar. Sunan siga ya ci gaba da hawa, 4.4 ta rufe a 4.4.302 a 2022, 4.9 kuma a 4.9.337 a Janairun 2023, amma ga mai tambayar LINUX_VERSION_CODE duk 255 ne. Wanda ke son ainihin lambar aka ba shi sababbin sunaye uku da ke riƙe kowane gurbi daban.

Google ta ɗauki nata darasin ta wata fuska. Daga Android 12 ta 2021, wayoyin da ke fitowa da kanel 5.10 ko sama dole su yi amfani da kanel na bai ɗaya da ake kira GKI, masu ƙera na'ura kuma su zuba direbobinsu a modul-modul. A cikin kowane reshe an ɗaure jerin ayyukan da modul zai iya kira, ana kuma sa ido da na'ura kada su sauya. Alkawarin da Kroah-Hartman ya ƙi ɗauka wa duniya a 2004, Google ta ɗauke shi a ƙaramin fili, na reshe ɗaya da iyakantaccen lokaci, kamar yadda Red Hat ta daɗe tana yi wa abokan cinikinta.

Abin da tarihin ya bar wa mai gyara

Injiniyan da modul ya ƙi masa yau yana tsaye ne a kan ɗaya daga cikin waɗannan ramuka, kuma tambaya ta farko ita ce a wane mataki abin ya tsaya. Idan modul ya harhaɗu amma ya ƙi shiga, matsalar hatimi ce. Sai a kwatanta abin da uname -r ya faɗa da vermagic da modinfo ya nuna, har zuwa harafin ƙarshe, a kuma tabbatar cewa babban fayil ɗin build da ke ƙarƙashin /lib/modules yana nuni ga kayan ginin kanel ɗin da ke aiki a yanzu. Sau da yawa an sabunta kanel ne ba a sake kunna na'ura ba, sai ya zama ana gini don wani ana gwadawa a kan wani. Idan ƙorafin na saɓanin alama ne, a nemi Module.symvers na gaskiya. Idan kuwa harhaɗawar ce ta watse, a binciko inda rubutun ke tambayar lamba, a duba zaton da marubucinsa ya yi game da ita: lambobi nawa ya ɗauka za ta ƙunsa, da me ya ɗauka za ta fara, kuma ko ya yi la'akari da kanel ɗin da aka yi wa dashe.

Tsofaffin zato ba sa mutuwa da wuri, shi ya sa ba a cire UNAME26 bayan rikicin 2011 ya lafa ba. Da aka shiga 4.0 sai aka ɗaga lissafinta daga 40 zuwa 60 don kada lambobin su koma baya. Kanel 6.1 na Disambar 2022, idan tsohuwar manhaja ta tambaye shi ta wannan hanya, zai amsa mata cewa shi 2.6.61 ne, sigar da Torvalds bai taɓa fitarwa ba.